Gindin Dafara

Adda ɗaya, tabarma, buta, littafin sunayen itatuwa, katako biyu na danne ganye. Abin da Babayo ya ɗaure a bayan keke ke nan daga Azare zuwa Katagum, a kakar 1951. Shekara takwas ya yi a kudu yana karatun gandun daji. Da ya dawo, sa'o'insa duk sun yi iyali. Shi kaɗai yake cin tuwonsa.

A kurmin da ke kusa da Sakwa ya tarar da wata budurwa tana yankan reshen wani itace mai hawa, wanda ya nannaɗe tsamiya har sama. Ya faɗa mata sunansa na Turawa. Ta yi dariya, ta ce a nan dafara ake ce masa. Sunanta Zinatu. Mahaifinta, Malam Maikuɗi, magini ne, da yauƙin dafara yake kwaɓa laso, abin da ke hana rufin soro yoyo.

"Malam na littafi, ka san sunansa, ba ka san aikinsa ba," in ji Zinatu.

Tun daga ranar, duk inda za shi sai ya bi ta kurmin.

Sai umarni ya zo daga ofishin gandun daji da yake wa aiki: a sare duk itace mai hawa, wai yana shaƙe manyan bishiyoyi. Babayo ya bi takarda. Ya sare dafarar daga gindi, mai kauri kamar cinya, yana zaton akwai wasu a daji. Babu. Magina daga sama suke yanka, su bar gindi, kuma tun kakan Zinatu daga wannan ake ɗiba.

Da kawunsa ya je neman aure, Malam Maikuɗi ko tabarma bai shimfiɗa masa ba. Ya ce mai sare gindi ba a ba shi 'ya.

Wata biyu babu labari. Sannan Inna Laraba, mai kai daddawa kasuwar Azare, ta miƙo masa takarda da ajami:

"Malam na littafi, bayan gaisuwa. Baba bai huce ba, ni ma ban gama hucewa ba. Amma saiwar dafara tana riƙe ruwa, ba ta saurin mutuwa. Awaki ne abin tsoro. Zinatu."

Ya amsa: "Zinatuna, na ji."

Ya kewaye kututturen da ƙaya. Duk rani yana tuka keke ya duba shinge, ya zauna, ya koma, ba wanda ke ce masa sannu. Da ruwan farko toho uku suka fito. Ya ɗaura musu igiya zuwa reshen tsamiya.

Nan Malam Maikuɗi ya same shi. Ya daɗe yana kallon tohon, sannan ya ce igiyar ta yi tsauri, a sassauta. Da Babayo ya sassauta, tsohon ya ce, "Ka turo kawunka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Tsohon ya sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya mai barin gindi.

Kwana uku da tarewa takarda ta iso daga ofis: ya sake zagaya kurmin da adda, ko a mayar da shi kudu. Ya karanta wa Zinatu. Ta dube shi.

Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Ba zan sare ba, ba kuma inda za ni. Gobe zan bi Baba kwaɓa laso."