Reshen Gabas

Gab da magariba Ummulkhairi ta sauka daga keke a ƙofar gidan kakanta a Tudun Wada. Ba gaisuwa ta kawo ta ba. Mai yi mata ɓarna ta zo kamawa.

A tsakar gidan akwai tsohuwar bishiyar lemon zaƙi, wadda kakan ya taho da dashenta daga kudu zamanin yana aikin jirgin ƙasa. Lemonta ba ƙwallo a ciki, don haka ba a shuka irinta, sai dai a aura. Yanzu duk ta bushe, saura reshen gabas, wanda ba a taɓa tsinkar 'ya'yansa ba. Tsofaffi sun ce na masu wurin ne. Ummulkhairi malamar aikin gona ce. Daga reshen ta yanko, ta aura wa ƙananan dashen lemon tsami a ledoji, ta ɗaure mahaɗar kowanne, ta jera su a gindin bishiyar.

Duk zuwan da ta yi sai ta tarar an kwance ɗaurin, ga ɓawon lemo a gefe, an fere shi zare guda. Kawu Nagoda ke fere lemo haka. Shi ne kuma ke son a sare bishiyar ya gina shaguna. Ya rantse ba shi ba ne, ya ce boko ya koya mata zargin manya.

Ta shiga ba sallama.

Ga shi tsugune, ya ba ta baya, da tsohuwar jamfarsa ruwan toka, yana warware ɗauri a hankali. Ƙamshin furen lemo ya cika gidan, alhali ba lokacinsa ba ne.

"Kawu, yau dai na gani da idona."

Bai waiwayo ba. Cikin raɗa ya ce kakanta ya nemi izini kafin ya dasa, ita kuwa ta sa wuƙa ba ta tambayi kowa ba.

Sai ta ji tari daga waje. Muryar Kawu Nagoda ce, yana gaisawa da maƙwabci a hanyar masallaci.

Ta dubi hannun da ke kan dashen. Yatsun dogaye, kore shar, kowanne da ƙaya.

Ta ja da baya. Mayafinta ya sarƙe. Babu reshe kusa da ita.

"In bishiyar ta mutu, ina za mu?"

Numfashin a kunnenta yake, da sanyi. Mayafin ya fara shaƙe ta. Ta nemi addu'a, ta ɓace mata.

"Gidana," ta ce da ƙyar. "Akwai fili."

Ƙayar ta sake ta. A zaure Kawu ya tsince ta, ba takalmi, wuya duk karce.

Daga ranar ba a sake kwance ɗaurin ba. Dashe ɗaya ya kama, ta kai shi gidanta a Tudun Jukun. Tsohuwar bishiyar ta ƙarasa bushewa, Kawu ya gina shagunansa, Ummulkhairi kuma ta ba shi haƙuri.

Sabuwar ta fara 'ya'ya bana, zaƙin kamar na da. Ummulkhairi ba ta taɓa reshen gabas. Kullum da safe takan share ɓawon lemo, zare guda, a bakin ƙofar ɗakinta.

Jiya a kan katifa ta same shi.