Ba Mu Sauka Ba

Tun hantsi gidan Alhaji Tanko na Madarumfa ya cika ya batse. Ranar ce za a kawo amaryar ɗansa Illo, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, kuma uwar ango, Hajiya Ɗelu, sai kai da komo take yi wajen 'yan'uwanta na Maraɗi. Su ta aika wa kamiyo, babbar mota, ya kwaso, su ta shimfiɗa wa sababbin tabarmi. 'Yan rakiyar amarya kuwa, da za su taso daga wani ƙauye bayan Gabi cikin damina, ko jaki ba ta tura musu ba.

Da azahar suka iso, laka har gwiwa, zannuwan biki a ƙunshe a ka saboda ƙetare gulbi. Safiya amarya tana tsakiya cikin lulluɓi, leɓunanta sun bushe. Hajiya ta leƙo zaure, ta dubi ƙafafunsu kafin fuskokinsu.

"Ku zaga baya, akwai rumfa kusa da turken awaki. Kada a ɓata mini daɓe!"

Suka zaga. Ƙoren fura suna wucewa ta gabansu zuwa ɗakin 'yan Maraɗi, su ko ruwan rijiya babu mai miƙowa. Abin da ciwo wallahi, mutum ya tako tun asuba ya kawo maka 'yarsa, ka ajiye shi da awaki!

Da la'asar Gwaggo Balaraba, ƙanwar uban amarya, ta miƙe ta ɗaure ɗamara. "Ku ɗauki kayanku mu tahi. Safiya, tashi!"

Hajiya ta fito a fusace. "Ina za ku da matar ɗana? An ɗaura aure hwa!"

"Aure an ɗaura," in ji Gwaggo. "Amma a wurinmu baƙo bai sauka ba sai ya sha ruwan gida. Wa ya ba mu? Ba mu sauka ba, Hajiya — wucewa muke yi!"

Safiya ta fashe da kuka. "Gwaggo, don Allah..."

"Yi mini shiru! Gidan da anka hana ki ruwa ran buki, mi za a ba ki ran da kinka kwanta ciwo?"

Illo yana ɓoye a gidan abokinsa Ado, yadda ango yake yi, labari ya riske shi. Ya faɗo gida ido jajur.

"Inna, masu hanyar mota kin aika musu kamiyo, waɗanda sunka ratsa gulbi da ƙahwa kin hana su ruwa?"

"Koma ciki! Ango ba ya hita yau, za ka ɓata muna al'ada."

"Al'adar ba baƙo ruwa hwa, wa ya ɓata ta?"

Bai jira amsa ba, ya sunkuci tulu ya aza a ka, ya bi hanyar tafki, inda 'yan rakiyar suka nufa, cikin farar rigarsa ta angunci, ruwa na tsiyaya masa a wuya. 'Yan lakwal suka biyo shi suna shewa: "Mushe da tulu! Mushe da tulu!" Hajiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta runtuma ko takalmi babu, ta sha gabansa.

"Sauke! Ina raye ɗana ya ɗauki tulu cikin gari?"

"To wa zai kai musu?"

Sai ta miƙa hannu ta karɓa.

A bakin tafki matan Gabi sun tsaya suna kashe ƙishirwa. Safiya kuwa ta zauna, wai ƙaya ta soke ta, kuma ta daɗe tana cirar ƙayar da babu wanda ya gani. Suka miƙo mata ruwa, ta kau da kai. "Na gidan mijina nake jira," ta ce, muryarta da ƙyar take fita.

Sai ga Hajiya tana haki, zane ya jiƙe. Ta durƙusa, ta cika moɗa, ta miƙa wa Gwaggo da hannu biyu. "Na yi laihi. Sannunku da hanya."

Gwaggo ta dubi ƙafafun Hajiya, dumu-dumu da caɓi. "Ashe ke ma laka na kama ki." Ta karɓi moɗar ta fara ba Safiya. Safiya ta shanye tas, hawaye na zuba a ciki, Illo yana tsaye daga nesa yana share nasa.

Haƙurin Safiya ne ya riƙe auren nan har ruwa ya iso. Kuma duk wanda ya gayyato mutum daga nesa, to hanyarsa, ruwansa da makwancinsa suna wuyansa, ko a mota ya zo ko a ƙasa.

Gwaggo ta sa aka ƙaro, ta kurɓa, ta goge baki da bakin zane.

"To, ku juya. Yanzu munka sauka."