Muryar Malam Gwadabe

Bayan soja sun koma bariki, lokacin da kowane ɗan takara ke neman mawaƙi, Tasi'u ya buɗe situdiyo a bakin titin Wudil. Nan Rahinatu ta kawo ɗalibanta na Islamiyya a ɗauki waƙar sauka. Tana jan baiti ya shagala.

"Malama, a sake. Laifina ne."

"Da kunne kake aiki ko da ido?" in ji ta, tana murmushi.

Da maganar aure ta kai ga mahaifinta, Malam Gwadabe mai waƙoƙin wa'azi, ya ce ba zai ba mai ɗaukar zagin 'yan siyasa 'yarsa ba. Kuma da gaskiyarsa, Tasi'u ya ɗauki ashar ba iyaka.

Ta turo saƙo ta wayar yayanta: "Muradina, ka haƙura da ni. Ba zan saɓa wa Baba ba. Kar ka amsa."

Bai amsa ba. Ya sallami mawaƙan zagi, situdiyo ya bushe, shi ma ya rame.

Ana haka ciwon maƙogwaro ya kama Malam. Likitoci a Kano suka ce sai an yi aiki, kuma murya ba za ta dawo ba. Ga waƙoƙinsa ba a taɓa ɗauka ba. Rahinatu ta riƙo hannunsa har situdiyo, idonta jawur.

Muryar ta koma raɗa. Tasi'u ya bi da ita ta kwamfiresa, na'urar da ke danne ƙara don abin da ya yi ƙasa ya fito, ya rage kaushin da ikwalaiza mai daidaita sauti.

"Baba, kai tsaye yake hawa kaset. Abin da na murɗa ya zauna, ba gyara," in ji Tasi'u.

"Ni ma ba ni da muryar maimaici. Danna."

Da aka kunna masa, tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi Tasi'u.

"Har yanzu kana ɗaukar zagi?"

"Na bari tun ranar da ka kore ni, Baba."

"Turo magabatanka kafin a shiga da ni. Da bakina nake so in bayar."

Jajibirin aikin aka ɗaura. Sai da liman ya kara kunnensa a bakin Malam kafin ya ji "Na ba shi." Ya ɗago ya shaida wa jama'a, aka shafa fatiha. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa wa Malam haƙuri.