Sunan da Babu Mai Shi a Ƙarƙashin Ruwa

Ranar da Zulai'atu ta fara ganin Maliki, shi bai ma lura da ita ba. Ya shigo ƙaramin asibitin Warra hannunsa duk baƙin mai, yana tallafe da yayarsa Aminatu. Makanikin injin jirgin ruwa ne, kuma in ka ji shi a bakin tafki yana yi wa masunta tsawa, ba za ka ce ya iya magana a hankali ba.

"Malama, ki duba min ita da kyau," ya ce. "Ciki na huɗu ke nan. Ukun duka ɗiya mata, babu wadda ta yi arba'in."

Zulai'atu ungozoma ce, ta saba jin irin wannan. Amma yadda Aminatu ta ƙura wa bango ido, ba ta ko dafa cikin nata, shi ya tsaya mata a rai.

Awon ciki wata-wata ne, Maliki ya mayar da shi mako-mako. Yau ya zo tambayar magani, gobe ya zo tambayar ko amsar jiya tana nan. Daga nan sai saƙo ya fara shigowa.

"Likitata, yau na ɗaura inji baibai saboda tunaninki. Mai jirgi ya ce in tafi a duba ni."

"Injiniya, mu masu ciki muke dubawa. Amma zo, za a yi maka alfarma."

Da ta kai maganar aurensu gida Yelwa, Innarta ta ajiye tsintsiyar hannunta. Labarin gidan su Maliki ya riga shi isowa. Garinsu na asali yana ƙarƙashin tafki tun da aka tare ruwa, har da kaburburan kakanni. Jarirai ukun nan kuwa, kowace sunan wata kaka da ke kwance a can aka raɗa mata. Shi ya sa ake raɗe-raɗin masu sunan ne ke kiran takwarorinsu.

"Inna, camfi ne. Cibiya ce ake sa wa toka, ciwo ya shiga."

"Ke kin yi boko, ni na yi shekaru. Ba ni kai ki inda za ki riƙa haihuwa kina binnewa."

Zulai'atu ba ta yarda da camfin ba. Duk da haka, ranar da ta ziyarci Aminatu ta ga ƙananan riguna uku a ninke cikin kwalla, ta ji ruwa yana bugun gaɓa a bayan katanga, sai da tsikar jikinta ta tashi.

Aminatu ta sauka wata Laraba da hantsi, a hannun Zulai'atu. Mace ce. Babu wadda ta yi guɗa. Zulai'atu ta yanke cibiya, ta hana toka, kullum ta tashi daga aiki sai ta bi ta duba ta.

Kwana biyar da haihuwa, tana wanke hannu, saƙon Maliki ya shigo.

"Mun zauna da Inna. Tace abarta. Nima na yarda, shine kwanciyar hankalin kowa."

Kafin ta gama karantawa wani ya biyo.

"Yi haƙuri Likitata, ba naki ba ne. Almustapha zan tura wa."

Almustapha mijin Aminatu ne, yana fatauci a Shanga. Wato maganar Innarta ta kai kunnen tasa Innar, an yanke a bar ta, har ana sanar da suruki kafin ita. Zuciyarta ta yi mata zafi ƙwarai. Ta kashe waya, ta damƙa kula da jaririyar ga abokiyar aikinta, ta hau mota zuwa Yelwa. Ranar suna ba a gan ta ba.

Washegari Maliki ya yi sallama a zaurensu, idonsa ja, da ƙullin dabinon suna a hannu.

"Mi na yi miki?"

"An ce a bar ni, ka yarda. Mi kuma kaka nema?"

Da ta nuna masa saƙon sai ya dafe kai ya zauna a dakali.

"Zulai, sunan ɗiyar ne. Abarta. Kwana uku Inna tana lissafa matattunmu, tana neman sunan da babu mai shi ƙarƙashin ruwa. Duk wanda munka kawo, sai ta ce akwai. Sai ta tuno wanga na mutanen da. Ta ce roƙo ne, duk wanda ya kira yarinyar ya roƙa muna Allah a bar ta."

Kunya da dariya da hawaye suka haɗe wa Zulai'atu, ta rufe fuska da mayafi. Ba su san Innarta tana bayan ƙofa ba, sai da ta yi magana.

"Biyu na binne kafin ke," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sunan nan na so a sa miki, babanki ya ce na ƙauye ne. Har yau da shi nike kiranki cikin zuciyata."

Zulai'atu ba ta taɓa jin tana da yayye ba. Daga ranar Inna ce mai ƙirga kwanakin yarinyar da ba ta taɓa gani ba. A rana ta arba'in da ɗaya ta sa mayafi ta tafi Warra. Ta karɓi jaririyar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce wa Maliki ya turo manyansa.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Da za a fita da amarya, Inna ta fito da Abarta goye a bayanta, yarinya ta yi ɓul-ɓul tana cizon bakin zani. Ta kama hannun 'yarta ta damƙa wa dangin ango.

"Wagga Allah ya bar min ita, na ba ku," ta ce. "Allah shi bar su tare, shi bar musu abin da sunka haifa."

Mata suka amsa da amin, kuma Aminatu ce ta fara guɗa.