Abin da Auta Ta Kwaso a Fagen Yaƙi

Da magariba abin ya fara, Mama tana kicin tana tace shayi. Dutse ne ya faɗo cikin kofin, tsulum. Ta ɗaga kai ta dubi silin, babu rami babu tsaga, ga shi kuma a tsakiyar bene suke, akwai mutane a samansu. Ta sa cokali ta ciro shi: fari ne fat, gefensa a ƙone, yana warin albarushi. Ta yi a'uziyya ta jefa shi a kwandon shara, ba ta gaya wa kowa ba.

A lokacin 'yarta Auta ba ta daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba. Tarihi take karantawa a jami'a, shekarar ƙarshe, kuma sashensu yakan kwashi ɗalibai ya kai su filayen da aka gwabza yaƙi, su taka ƙasar da ƙafarsu. Babanta tun farko bai so ba. "Mutane na gudun inda aka mutu, ke kina neman biza zuwa can," in ji shi. Mama ce ta tsaya kai da fata. Ita nas ce, ta so ƙaro karatu rayuwa ba ta bar ta ba, don haka ta ɗora burinta kacokan a kan yarinyar nan. So take ta ga Auta ta kare aikin bincikenta, ta fita da sakamakon da zai sa jami'a ta riƙe ta. Saura 'yan makonni a yi hakan.

Washegari da rana ta faɗi duwatsun suka dawo, wannan karon da yawa. Suna saukowa a falo, a kan kujera, a cikin takalma, ba su taɓa kowa ba. Bayansu sai shiru mai nauyi, irin wanda har firji ke daina ƙara. Daga nan sai kuka, can nesa, kamar yara a ƙarƙashin ƙasa.

Auta ta daina cin abinci. Takan tsaya a bakin taga har duhu ya rufe ta, hannu a goye a baya kamar tsoho. Mama ta kai ta asibitinsu, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, komai lafiya lau. Baban Auta bai ce "na faɗa miki" ba. Da ma ya faɗa ya huta, domin kallon da yake wa Mama ya fi maganar ciwo.

Wata magariba Mama ta dafa kafaɗarta ta ce, "Auta, zo ki yi salla."

Yarinyar ta juyo. Muryar da ta fito daga bakinta ta namiji ce, a dishe.

"Ba ta nan."

Baban Auta ne ya je ya ɗauko wani malami da ya san ruƙiya, dattijo marar hayaniya. Ya zauna a kan tabarma a tsakiyar falo, ya sa aka zaunar da Auta a gabansa. Kafin ya fara ya dubi iyayen ya ce, "Duk abin da zai faɗa, ku bar ni da shi. Kada wanda ya amsa masa." Sannan ya soma karatu a hankali. Duwatsu suka dinga sauka kewaye da shi, bai ko ɗaga ido ba. Auta ta yi ta murƙususu har ta gaji, ta zauna daram.

"Wane ne kai?" in ji malamin.

"Mazaunin tsaunin da suka hau. Tun kafin a haifi kakan kakanta nake can, da matata da 'ya'yana."

"Me ta yi maka?"

Aljanin ya ba da labarin, Mama tana ji da kunnenta. Ashe ba yawon buɗe ido kawai ɗaliban ke yi ba. Malaminsu na jami'a yakan raba musu sunayen manyan sojojin da suka yi yaƙin, kowa ya tsaya a daidai inda nasa ya tsaya, ya yi magana da bakinsa kamar shi ne. Auta aka ba kwamandan da ya sa aka yi wa tsaunin ruwan wuta. Ta hau kan dutse, ta ɗaga hannu, ta ce ita ce ta ba da umarni, kuma da za a sake da ta sake. Ta burge kowa. Aka tafa mata, aka ɗauki hoto.

"A ranar da aka yi ruwan wutar nan 'ya'yana suka mutu," in ji muryar. "Mu ma muna mutuwa, Malam, ka sani."

"Allah Ya ba ka haƙuri. Amma ba ita ba ce. Karatu ne, kwaikwayo aka sa ta."

"Ka ɗauke ni sakarai? Na san ba ita ba ce. Shi mutumin ina kallonsa a ranar, da ya gama ya koma bayan mota ya yi amai. Wannan dariya take yi."

Dattijon ya ce zalunci ba ya gyara zalunci, ya ci gaba da karatu da ƙarfi. Jikin Auta ya ɗauki kyarma, gumi ya jiƙe mata riga. Can aljanin ya ce, "Ya isa, zan fita. Amma ba haka kawai ba. Ko dai in tafi da duk abin da ta sani a kan yaƙin nan, ta wayi gari ba ta tuna ko harafi ɗaya. Ko in bar mata karatunta, in haɗa mata da abin da ni na gani."

"Ba ciniki muka zo yi ba. Fita za ka yi, ba ka ɗauki komai ba, ba ka bar komai ba."

Wataƙila da an bar dattijon da ya ci ƙarfinsa. Allah ne masani. Amma Mama ta hango shekarun da yarinyar ta kwashe tana duƙe a kan littattafai, ta hango kanta tana gaya wa abokan aiki cewa Auta ta bar makaranta, ta hango kallon mijinta har ƙarshen rayuwa. Bakinta ya riga ta.

"Bar mata karatunta."

Malamin ya runtse ido. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a kan tabarma. Firji ya ci gaba da ƙara. Dattijon ya naɗe carbinsa, ya yi musu addu'a a taƙaice, ya fita bai sha ko ruwa ba.

Dutse bai ƙara faɗowa a gidan ba. Auta ta kare aikinta, malamai suka ce ba su taɓa ganin ɗalibin da ya san yaƙin nan irinta ba, sai ka ce tana wurin. Jami'a ta riƙe ta, kamar yadda Mama ta so. Sai dai Auta ba ta iya zama inda yara ke wasa. In jaririn maƙwabta ya yi kuka takan toshe kunne ta shige banɗaki. Ta rame, ta zama marar magana, dariyarta kuwa ko a waya ba a sake ji ba. Mama ta samu abin da take so, kuma kullum sai ta yi kuka a hanyar zuwa aiki.

Wata ranar hutu da hantsi suna ninke kayan wanki su biyu, Auta ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mama, a ranar nan, wa ya zaɓa mini?"

Mama ta gyara hannun wata riga da ba ya bukatar gyara. "Malam ne ya ga hakan ya fi."

Auta ta ajiye zanin da ke hannunta, ta dube ta ba fushi ba komai.

"Ina ciki fa, Mama. Magana ce kawai ba na iya yi. Ina ta roƙonki ki ce ya tafi da karatun."