Inda Malama Ke Zuwa Ranar Alhamis

Tela yana cin abinci a falo yayarsa, Yaya Babba, ta shigo, ko zama ba ta yi ba ta jefa masa tawul a cinya.

"Taɓa ka ji, a jiƙe yake. A jakar matarka na gan shi. Macen da ke cewa ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa, wankan me take yi a waje?"

Shekara biyu ke nan matarsa Malama na fama da ciwon jiki, kafaɗu, baya, cinyoyi, har barci ya gagare ta. An gwada jini, an yi hoto, ba a ga komai ba. Dangi suka ce son jiki ne. Shi kansa Tela ya taɓa ce mata, "Anya ba sa wa ranki kika yi ba?" Tun ranar ta daina yi masa zancen.

"Duk Alhamis sai la'asar take dawowa daga makaranta," in ji Yaya. "Kai kana can shago kana taka keken ɗinki."

Abincin da bai ƙarasa ba ke nan.

Ranar Alhamis suka bi ta a baya, har ta shige wani gini. Matar da ke bakin ƙofa ta tare Tela. "Mata kaɗai, Malam."

Yaya ta kutsa. Wurin iyo ne, ruwan ɗumi iya ƙirji, mata bakwai na ɗaga hannu a hankali, likitar gashin ƙashi na ƙirga musu. Malama na cikinsu, tana cije leɓe.

"Sunan ciwon faibromayaljiya," likitar ta ce wa Yaya da ta tambaye ta. "Gwajin jini ba ya nuna shi. Ɗumin ruwan ke sassauta mata jiki har ta iya motsawa."

Yaya ta fito ta gaya wa Tela abin da ta gani da abin da ta ji. Da Malama ta fito ta gan su, sai ta tsaya cak.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?" Tela ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Na gaya maka ciwon ba ka yarda ba. Da maganin za ka yarda?"

Hawaye suka zubo mata. Ya karɓi jakarta, ya ce, "Na zalunce ki. Ki yafe min."

Ba a ranar ta huce ba. Sai da ya yi wata biyu yana rufe shago duk Alhamis, ya kai ta, ya zauna a benci yana jira, sannan ta sake da shi.

Wanda kake ƙauna in ya ce yana jin ciwo, ka fara da yarda kafin bincike.