Jinginar da Desmond Ya Ajiye

Desmond Kearney bai ƙi talauci kamar yadda ya ƙi jin dariyar ƙaninsa Wendell ba. Hannun jarin kamfanin Wendell kullum hawa yake a kasuwar Chicago, uwarsu kuwa ba ta da hira sai tasa.

Desmond ya san hanyar cin riba da faɗuwar wani: ka ajiye jingina ka ari hannun jari wurin dillali, ka sayar da tsada, in ya faɗi ka saya da araha ka mayar. In kuwa ya hau, jinginarka ce ke narkewa.

Da rana tsaka ya gangara ƙarƙashin wani shagon wanki, wurin wani tsoho matsafi. Baƙaƙen kyandirori na ci, ga ƙoƙon kan akuya a tasa, ga madubi an juya shi bango. Ɗakin na ƙarnin jini.

"So nake ƙanina ya faɗi," in ji Desmond.

"Ba arziki kake so ba kenan, yaro."

"Duka biyun."

Tsohon ya murmusa. "Ni ma aro nake bayarwa. Me za ka jinginar?"

"Abin da ke gidana."

"In ta gaza, ba na sallama kafin in ɗauka."

Desmond ya tuna motocinsa, ya miƙa yatsa aka tsaga.

Ya ari hannun jarin kamfanin Wendell ya sayar, kamfanin kuwa ya rufta. Desmond ya sayi gida bakin tafki, ya gayyaci ƙanin cin nama don kawai ya kalli fuskarsa. Bai sayi hannun jarin ya mayar ba, ya ƙara aro, yana jiran ya ga Wendell a titi.

Sai farashi ya juya sama.

Dillalin ya bugo waya. "Desmond, jinginarka ta gaza. Ko ƙwaya ɗaya ba ka da ƙarfin saya. Ƙaro kuɗi." Can ya sake kira. "Bar shi, an cike jinginar."

A lokacin 'yarsa Nora ta kife a teburin abinci ba rai, cokali a hannu.

Da farashin ya sake hawa, matarsa Lorna ta fita kan ƙanƙarar tafkin ba takalmi, tana kiran Nora, ba ta dawo ba. Desmond ya ruga don ya sayi hannun jarin ya mayar, ba mai sayarwa. Ya koma neman matsafin, shagon wankin kuwa ba shi da ƙarƙashi.

Yau Wendell ke kai masa miya a asibitin mahaukata. Ko ƙarar waya Desmond ya ji, sai ya shige ƙarƙashin gado.

Kai mai ƙyashin ɗan'uwanka, ka ji tsoron Allah. Farashi ba shi da iyaka a sama, mutanen gidanka kuwa ƙidayayyu ne.